Askin Sunan Gwanki

Da sunan Allah nake farawa, Mai shimfiɗa ƙasa, Mai kafa duwatsu, wanda Ya ba ƙarfe tauri, Ya ba wuta ikon lanƙwasa shi. Ku matso kusa, ku gyara zama. Sunana Korau, direba ne ni tun gemuna bai tsiro ba, kuma abin da zan faɗa muku a kan idona ya faru, a wata ƙasa mai nisa da ake kira Tama, inda hayaƙin maƙera ke riga zakara tashi.

A babban birnin ƙasar akwai gidaje biyu na maƙeran mota, ƙofa na kallon ƙofa, ba mai gaida wani. Ɗaya Gidan Jatau, inda na tashi ina sharar gareji har aka miƙa mini sitiyari. Ɗayan Gidan Mantau. Dukansu motocin daji suke ƙerawa, irin waɗanda ba ruwansu da kwalta, su hau dutse, su keta fadama. Ta Gidan Mantau sunanta Karkanda, ƙatuwa, mai nauyi, mai ruri. Ta gidanmu kuwa Gwanki.

Ba zan yi muku ƙarya ba, Gwanki ba kyakkyawa ba ce. Fuskarta kamar akwatin katako, kujerunta kamar turmi, adonta kawai wasu ƙahonin tagulla biyu a kan bonet. Amma ita ce motar farko da ta hau Ƙololuwa, garin da ke kan dutsen da ake haƙo tama. A al'adar ƙasar, maƙeri ba ya raɗa wa motarsa suna da bakinsa. Sai ya kai ta Ƙololuwa, mutanen can su yi mata suna kamar yadda ake yi wa jariri. Maigidana marigayi Jatau ya yi haka tun kafin in zo gidan. Da ya ji ajali ya matso, sai ya ba ni wannan ta farin, ya ce in riƙe ta. Na riƙe ta kamar 'yar da na haifa. Aibinta ɗaya, wasu zane uku masu zurfi a gefen bonet, kamar ƙaya ta ja ta. Kowace shekara sai in cike su, in shafe da fenti, don kada a ce Korau bai iya riƙon amana ba.

Bayan rasuwar Jatau aka daina ƙera Gwanki. Shekaru suka ja, har waɗanda aka haifa a lokacin suka yi aure suka hayayyafa. Dokar Tama kuwa ta ce sunan da aka bari haka ya zama marar mai shi: duk wanda ya kai sabuwar mota Ƙololuwa aka raɗa mata shi, nasa ne har abada. Daidai lokacin mutanen birni suka shiga begen kayan da, kowa sai ka ji yana cewa, "Allah sarki Gwanki!" har da waɗanda ba su taɓa shiga cikinta ba.

Wata rana ina gindin ɗorawa ina goge gilashi, sai ga Mantau da kansa, babbar riga na jan ƙasa.

Ya ce, "Korau, sannu da jinyar gawa."

Na ce, "Yawwa, ranka ya daɗe. Gawar ce ta tashe ka daga kujera da tsakar rana?"

Ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba. Ya ce zai dawo da Gwanki, sabuwa fil, kuma yana so ni in tuƙa ta zuwa Ƙololuwa, don mutane su ga tsohon hannu a kan sitiyari. Ya yi mini alkawarin gida mai bene da shugabancin direbobinsa.

Na ce, "Ka sa wa taka Karkanda ta biyu, ko ta goma, ba mai hana ka. Amma sunan Gwanki ba zai tsallaka titin nan ya kwana a gidanka ba, muddin ina iya taka birki."

Ya ce, "To, mu gani in birki na tsayar da doka."

Da la'asar na je wurin Lantana, 'yar Jatau, wadda ke riƙe da gidan a lokacin. Ta girme ni kaɗan, tare muka tsufa muna faɗa muna shiryawa, ina ce mata Yaya. Ta saurare ni har na gama kumfar baki, sannan ta ce, "Kawo mini tsohuwar, zan yi aiki da ita." Na ɗauka awo za ta ɗauka. Na kai ta da hannuna, har ina gargaɗin yara kada su jingina da ita.

Da aka kira ni bayan watanni in ga sabuwar mota, sai na zagaya ta ina ƙare mata kallo. Wata aba ce sumul, mai zagayen fuska, rufinta shimfiɗe da baƙin faifai mai shan hasken rana. Ba ta shan mai, ba ta hayaƙi, in an tashe ta ko sauro ya fi ta ƙara.

Na ce, "Yaya, ina motata?"

Ta ce, "Na wargaza ta."

"Ƙahonin fa?"

"Suna bola, in yaran Mantau ba su riga sun tsince ba."

Sun kuwa tsince. Na faɗi maganganun da ba zan maimaita a gaban yara ba. Ta bar ni na yi har na gaji, sannan ta ce, "Ka gama? To, ko ka tuƙa wannan, ko ka tsaya bakin titi ka ga Mantau ya wuce da sunan Baba. Zaɓi ɗaya."

Na karɓi makulli ba tare da na dube ta ba.

Ranar tafiya birni ya cika. Mantau ya fito da tasa: Gwanki sak, amma ninki biyu, ja wur tana sheƙi, ga ƙahonin motata a goshinta. Mutane suka ruɗe da tafi, tsofaffi har da hawaye. Da tamu ta fito sai dariya ta tashi. Wani ya ce, "Korau, ina za ka da kwanon sha?" Direban Mantau, wani ƙaƙƙarfa mai suna Barmo, ya leƙo ya ce, "Baba, in ta mutu a hanya ka ɗaga hula, zan ja ku." Na ce, "Ka ji da wadda aka yi wa kwalliya da kayan bola." Lantana ta zauna gefena da ƙullin guzurinta, muka kama hanya.

Wuri na farko da muka isa shi ne Rairayi Mai Barci, wani tekun yashi da ba a hango ƙarshensa. Yashin nan barci yake yi, har za ka ga yana ɗagawa yana sauka kamar ƙirjin mai minshari. Matafiya sukan ratsa shi a hankali, suna raɗa. Barmo kuwa ya danna totur, injinsa ya yi ruri, ya tsere kamar kibiya. Ƙarfin motarsa ya fitar da shi, amma ya bar mana yashi a farke. Tuddai suka miƙe suna juyi, suna neman wanda ya tashe su. Tayoyinmu suka soma nitsewa.

Lantana ta raɗa mini, "Ko za ka yi mata dabararka ta da?"

Na sauka da sanɗa, na sassauta iskar tayoyin ɗaya bayan ɗaya, ina toshe bakin da rawanina don kada a ji huci, har suka baje kamar tafin raƙumi. Na koma na taka a hankali. Wani tudu ya taso ya tsaya dab da ƙofata, ya karkato kamar mai kasa kunne. Bai ji komai ba. Muka zame ta gefensa shiru, shi kuma ya koma ya kwanta. Da tsohuwar motata ce, mai tarin nan kamar na ɗan taba, da yanzu muna ƙarƙashin ƙasa. Na san haka, amma ban faɗa ba.

Lantana ta ce, "Kwanon sha bai yi ba?"

Na ce, "Ni na iya tuƙi."

Daga nan muka faɗa Kurmin Rufa-Ido, inda rassa suka haɗe a sama har rana ba ta taɓa ganin ƙasa. Motar da abincinta hasken rana, ga ta cikin inuwa wuni bayan wuni. Ta soma ja da ƙyar, ta yi ta raguwa, har ta tsaya cik a tsakiyar kurmi. Na kashe, na naɗe hannu.

Na ce, "To, Yaya, sai ki ba ta fura."

Kafin ta amsa, birai suka sauko mana, farare masu dogon gemu, ba su san tsoro ba. Ba abinci suke nema ba, abu mai ƙyalli suke so. Wani ya kama madubin gefena yana ja. Na ɗaga sanda zan make shi, sai na lura da wani ɗigon haske yana rawa a kan ganye. Na ɗaga kai. Can ƙoli, wani biri ne riƙe da madubin da ya ɓalle daga motar Mantau, yana juya shi a rana yana kallon haƙoransa, hasken na faɗowa ƙasa.

Na ajiye sanda, na kwance madubanmu duka na miƙa musu. Lantana ta buɗe ƙullinta ta fito da tasoshin tagulla da ta goge don kai wa matan Ƙololuwa tsaraba, ta yi tsaki, ta ba da su. Birai suka haye sama da ganima. Da na ga inda hasken kowanne ke sauka, sai in jefa gyaɗa ta wajen da nake so ya juya. Wasa-wasa har haske ya taru a kan rufinmu kamar an buɗe taga. Muka zauna muna cin ƙuli-ƙuli, mota na shan rana daga hannun birai, har ta farfaɗo. Muka fita daga kurmin ba madubi ko ɗaya. Lantana ta ce ba komai, dama ba baya muka nufa ba.

Da muka iso gindin dutsen Ƙololuwa, sai muka tarar da abin da ya fi yashi da kurmi. Akwai wani rami mai zurfi tsakanin hanya da dutsen, gadar katako ce kawai ke haɗa su. Mantau, da ke cikin motarsa tare da Barmo, ya haye, ya sa an sare ta. Yana tsaye a can ƙetare, ya haɗa hannu a baki yana ƙwala mana magana.

"Lantana! Ki koma gida ki yi wa jikoki wasa! In an gama suna zan aiko miki da naman rago!"

Lantana ta miƙe tsaye a kan matakin mota, tsohuwa mai furfura, ta ce, "Ka ajiye mini ƙafar baya, da kaina zan zo in karɓa!"

Hanya ɗaya ta rage, wadda ake kira Hawan Awaki, ta bayan dutse. Tun zamanin Jatau ba a sake bin ta da mota ba. Faɗinta bai fi na mota ba, hagu bango, dama sarari. Na ce, "Yaya, ki sauka ki bi ni a ƙasa." Ta ce, "In za a faɗa, da 'yar Jatau za a faɗa. Ja mu je."

Muka hau. Duwatsu na zamewa ƙarƙashin taya suna faɗawa ramin, ba a jin saukarsu. A wani lanƙwasa sai da na goga gefenta da bango har ƙofa ta lotsa. Da muka kai gangaren ƙarshe, wanda ya miƙe kamar katanga, gajimare ya rufe rana, ƙarfin mota ya ƙare. Ta tsaya, ta soma zamewa baya. Na taka birki da ƙafa biyu, ina karanta duk abin da ya zo bakina.

Sai na ji an fizge mu ta gaba. Ba inji ba ne, don inji ya yi shiru. Bonet ɗin ne ke rawa yana kaɗawa, kamar an ɗaura masa igiya ana ja daga sama. Na tuna tsohuwar motata ma a daidai irin wannan wuri takan sami wani ƙarfi, ina ta yabon injinta. Na saki birki a hankali. Motar ta hau da kanta, taku-taku, kamar ɗan maraƙi ya ji kukan uwarsa.

Na ce, "Yaya, me ke jan mu?"

Ta ce, "Riƙe sitiyari, ka bar tambaya."

Mun shiga Ƙololuwa a lotse, a kuje, ba madubi. Mantau ya riga ya baje a dandali, motarsa na sheƙi, an ɗaure raguna, makaɗa na kiɗa. Shugabar garin, wata tsohuwa mai suna Magajiya Delu, tana zaune a kan tabarma, mata kewaye da ita.

Mantau ya ce, "Ranki ya daɗe, ni na riga zuwa. Ga Gwanki, ga ƙahoninta. A raɗa suna mu ci nama."

Magajiya ta ce, "Ɗana, wa ya ce maka tsere muka sa? Suna muka taru yi. A garinku ana raɗa wa jariri suna ba a yi masa aski ba? A kira wanzami."

Wani dattijo ya fito da zabira a kafaɗa, ya zaro aska yana wasa ta a tafin hannu. Ashe a Ƙololuwa askin mota shi ne a kankare fentin goshinta, a ga abin da ke ƙasa. Mutanen birni sun manta da wannan, don an daɗe ba a kawo mota suna ba. Ni kaina ban taɓa gani ba.

Mantau ya tare gaba. "Wannan fentin daga ƙetaren teku aka kawo shi!"

Wanzami ya ce, "Gashi ma daga Allah yake, muna aske shi. Matsa, Alhaji."

Ya sa aska. Jan fenti ya nannaɗe ya faɗi. Ƙarƙashinsa ba ƙarfe ba ne, roba ce, askar ta shige ta kamar kabewa. Wanzami ya ɗaga ɓallin ya leƙa, ya kira Magajiya. Ga ainihin bonet a ciki, baƙi, mai kauri, da hatimin Gidan Mantau a jiki. Karkanda ce aka sa wa riga.

Magajiya ta dafa ƙarfen, ta ce, "Kai, wannan ai 'yarmu ce, mu muka raɗa mata suna zamanin mahaifinka. Lafiyayyar mota, ga ta ta hau dutse ba ta yi haki ba. Me ta yi maka kake jin kunyar sunanta?" Ta juya ga mata. "Ku yi wa Karkanda guɗa, ta zo gaida gida."

Mata suka rangaɗa guɗa. Na ga Barmo ya sunkuyar da kai yana murmushi, don shi dama Karkanda ya iya, ita yake so.

Aka zo kan tamu. Na matsa kusa, don ban san abin da za a tarar ba. Wanzami ya kankare gefen bonet. Fenti ya tashi, wani tsohon fenti ya bayyana, kore, irin wanda na sani. Ya ƙara kankarewa, ga wani a ƙasa, ga wani kuma. Duk hannuna ne, shekara bisa shekara. Da askar ta kai ƙarfe sai ta yi ƙara, ta shiga wani rami. Ya bi shi a hankali yana fitar da abin da na cusa, har zane uku suka fito fili.

Dattijon ya tsaya, ya shafa su da yatsa. Ya ce, "Hannun babana ne. Tsagar Gwanki ke nan, shi ya yi ta ranar suna, ina riƙe masa zabira. Ƙarfen kuma na tsohuwar rijiyarmu ne da ta rufe, shi ya sa dutse ya jawo abinsa." Ya ɗago a fusace. "Amma wane marar hankali ne ya yi ta cushe tsagar gado da ƙwaɓi?"

Lantana ta nuna ni da haɓa. "Ga shi nan, Baba wanzami. Amana yake riƙewa."

Dandali ya fashe da dariya, ni kuwa hawaye ne ke bin gemuna. Na ce, "Yaya, kin sani tun farko?"

Ta ce, "Ina kan kafaɗar Baba aka yi ta. Ƙahonin nan daga baya ya maƙala su, don 'yan birni su saya. Bonet ɗin kawai na ɗauka na yi wa sabuwar goshi da shi."

"Me ya hana ki gaya mini?"

"Kai? Da kafin magariba mai shayin ƙofar Mantau ya ji."

Mantau ya yi ta faɗa, yana cewa motar ba ta yi kama da Gwanki ba ko kaɗan. Magajiya ta ce, "Jikata ma ba ta yi kama da ni ba, amma tsagarmu ɗaya." Wanzami ya sa aska ya ƙara zane na huɗu a gefen na mahaifinsa. Liman ya yi addu'a, aka yanka rago, Magajiya ta ɗaga murya ta ce, "Sunanta Gwanki, 'yar Gwanki, ta Gidan Jatau!" Guɗar da aka yi sai da dutse ya amsa. Lantana ta taka har gaban Mantau, ta miƙa hannu, ta ce ta zo karɓar ƙafar baya. Ya ba ta kuwa, don mutane na kallo.

Da aka tashi komawa, sai Mantau ya tuna gadar da ya sare. Ba wata hanya sai Hawan Awaki, kuma ba wanda ya san ta sai ni. Barmo ya zo ya durƙusa ya ce, "Baba, a taimaka." Na ce, "Cire mata rigar nan tukuna, faɗinta ya yi yawa." Suka ɓalle robar duka, har da ƙahonin, suka bar su a dandali yara na wasa. Muka sauko, Gwanki a gaba shiru, Karkanda a baya tana bin sawunta, Mantau a ciki ya rufe ido da hula.

Da muka iso birni, mai fentin gidanmu ya ga goshin motar a kankare, ya rugo da gwangwani da buroshi zai gyara. Na riƙe hannunsa, na karɓe gwangwanin, na ce ya je ya nemi wani aiki. Har yau haka take yawo, goshi a buɗe, zane huɗu a fili. In kun je Tama kuka ga wata mota ta wuce ku ba ƙara, ku dubi gefen bonet. Iyakar abin da na gani ke nan, Allah Ya kai kowa gida da sunansa.